Feshin da ake cewa yana kashe ƙwayoyin cuta har shekara guda: amsa ga wata ungozoma a Asawase

Wata Hajiya, ungozoma da ta yi ritaya ta buɗe ɗan gidan karɓar haihuwa a Asawase cikin Kumasi, ta aiko da tambaya. Wani dillali ya kai mata ruwan magani a jarka, ya ce idan aka fesa shi a bango, gadaje, marikan ƙofa, labule da zannuwan gado, ƙwayar cuta ba za ta ƙara zama a kansu ba har shekara guda, ko an goge ko an wanke. Ya nuna mata takardar gwaji mai ɗauke da 99.9%, ya kuma gwada da wata 'yar na'ura a gabanta, lambar ta sauko bayan feshin. Kuɗin da ya yanka ya kusa cinye abin da take tarawa don tankin ruwa na biyu. Tana so ta san ko abin gaskiya ne, kuma ko ya dace da ɗakin da ake haihuwa.

Ranki ya daɗe, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan hidima da kike yi wa matan Zango. Shawarata ita ce ki sayi tankin. Amma ba zan tsaya nan ba, domin ilimin da ke bayan irin wannan feshi na gaske ne, kuma akwai wani ɓangarensa da nake so ki yi amfani da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne alkawarin shekara guda.

Damuwarki tana kan hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, cikin majinyata 100 da aka kwantar, kimanin 15 suna kwasar wata cuta a cikin asibitin, wadda ba da ita suka zo ba. A nan Gana, binciken da aka yi a asibitoci goma aka wallafa a 2019 ya samu kashi 8.2 cikin ɗari. Sannan ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019, kuma a ƙididdigar da mujallar Lancet ta fitar, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Wadda take karɓar jariri ɗanye a hannunta kullum, dole ta saurari duk wanda ya zo da maganar kariya.

Ki duba jikin jarkar. Galibin irin wannan feshi da ake tallarsa da tsawon kwana, sinadarinsa daga dangi ɗaya yake, wanda kamfanin Dow Corning na Amurka ya fitar tun shekarun 1970. Za ki ga dogon suna mai ɗauke da kalmomin silyl da ammonium chloride. Ƙirarsa tana da ban sha'awa. Gindinsa na silikon ne, shi ke kama jikin abin da aka fesa idan ya bushe. Tsakiyarsa na ɗauke da cajin lantarki mai jan fatar bakteriya, don ita fatar cajinta kishiyar nasa ne. A samansa kuma akwai doguwar jela mai ƙwayar kabon 18, wadda ke huda fatar idan ƙwayar ta matso. Ba ya narkewa ya bi ƙwayar cuta inda take, sai ita ta zo ta taɓa shi. A nan ƙarfinsa yake, a nan kuma rauninsa yake. Kaurin abin da ya zauna a kan ƙarfen gadonki bai kai a gan shi da ido ba. Maiƙon hannu, gumi, ƙurar hunturu, ɗigon jini ko ruwan haihuwa da ya bushe, kowanne ya isa ya lulluɓe shi. Ƙwayar da ta sauka a kan wannan datti tana zaune lafiya, ba ta taɓa maganin ba. Hatta gawarwakin ƙwayoyin da ya kashe jiya suna rufe shi ga waɗanda za su zo yau.

To ki ce sai a riƙa gogewa. Da me za a goge? Omo da sabulun wanki, har da sabulun salo, cajinsu kishiyar na wannan sinadari ne, idan suka kwanta a kansa sai su kashe masa kaifi. Tsumma kuma tana kankare shi kaɗan-kaɗan. Yana kama auduga da gilashi da kyau, amma a kan leda, roba da ƙarfen da ba ya tsatsa, riƙonsa ba ya kai haka, kuma su ne suka fi yawa a ɗakin haihuwa. Bayan wannan, ba kowace ƙwaya ce ke jin sa ba. Staphylococcus tana jin sa sosai. Klebsiella da Pseudomonas, waɗanda kin san ɓarnarsu a jinin jarirai, sun fi taurin kai a gabansa. Ƙwayoyin bairos marasa rigar kitse, irin rota mai sa yara gudawa, da ƙwayar tarin fuka, da ƙwayoyin da ke dunƙulewa su yi ɓawo, ba a dogara da wannan dangi a kansu.

An taɓa gwada alkawarin a idon duniya. A watan Agustan 2020, lokacin korona, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba wani feshi mai suna SurfaceWise2 izinin gaggawa a jihar Texas, aka riƙa fesa shi a jiragen American Airlines. Abin da aka amince masa a lokacin kwana bakwai ne, ba shekara ba. A watan Yulin 2021 hukumar ta ba da umarnin dakatar da sayar da shi, kuma cikin dalilanta har da cewa gwajin da ta yi da kanta ya nuna aikinsa ba abin dogaro ba ne idan ya gamu da danshi ko goga. Kujerar jirgi ke nan, wadda ba a wanke ta da ruwan kulorin irin Parazone safe da yamma kamar gadon haihuwarki.

Sai takardar 99.9%. Wataƙila ba ta jabu ba ce, amma ki nemi sunan gwajin da aka yi. Idan kika ga ISO 22196 ko JIS Z 2801, ga yadda ake yin sa. Ana yanko ɗan fegi mai faɗin santimita biyar-biyar, sabo, tsaf, wanda aka shafa wa maganin. A ɗiga masa ruwan bakteriya da bai kai rabin mililita ba. A ɗora siririyar leda a danne ɗigon ya baje, yadda kowace ƙwaya za ta manne da maganin kuma ruwan ba zai bushe ba. A sa a akwatin ɗumi mai digiri 35 na Salshiyas, laimarsa kashi 90 ko fiye, a bar shi awa 24 cur, sannan a ƙirga waɗanda suka rage. Gwaji ne mai kyau don sanin ko sinadarin yana da kisa. Amma marikin ƙofar ɗakinki busasshe ne, ba sabo ba ne, kuma tsakanin hannun mai shara da hannun mai jego wani lokaci ko minti biyu ba a yi. Abin da ke buƙatar awa 24 cikin jiƙa kafin ya gama aikinsa, bai tare wannan hanya ba. Na yadi kuma za ki ga ISO 20743 ko AATCC 100, su ma a jiƙe ake yin su na tsawon awa 18 zuwa 24. Tambayar da takardar ya kamata ta amsa ita ce: bayan goga nawa, da wane sabulu, da kulorin mai wane ƙarfi aka sake gwadawa?

'Yar na'urar da ya nuna miki kuwa, wadda ake goga auduga a tsoma a ciki ta ba da lamba cikin daƙiƙoƙi, ba ƙwayoyin cuta take ƙirgawa ba. Tana auna wani sinadari da ake kira ATP, wanda ke cikin duk abin da ya fito daga mai rai, ko ragowar koko ne, ko gumi, ko madara. Kayan aiki ne mai amfani don duba ko an yi shara da kyau. Amma duk wurin da aka goge yanzun nan lambarsa za ta sauko, ko da ruwa da sabulu aka goge. Lambar minti biyar bayan feshi ba ta ce komai a kan wata na shida ba.

Zancen yadi ya ɗan bambanta, kuma a can azurfa ta fi yawa. Azurfa tsohuwar abokiyar aikinku ce. Tun wajen 1881 likitan Jamus Carl Credé ya fara ɗiga ruwanta a idon jarirai don kare su daga makantar ciwon sanyi, kuma man ƙunan nan na silver sulfadiazine da ake shafawa har yau ya fito ne a ƙarshen shekarun 1960. Tana aiki ne ta hanyar sakin ƙananan ƙwayoyinta cikin danshi, su shiga bakteriya su tsayar da numfashinta. Abin da ake saki kuwa ƙarewa yake yi. A 2008 masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona sun wanke safunan da aka saka wa azurfa, wasu sun zubar da kusan dukkanta cikin wanki huɗu, wasu kuma ba su rasa ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Bambancin yana ga yadda aka saka ta. Wadda aka cuɗa cikin zaren tun a masaƙa tana daɗewa, wadda aka fesa a kan yadin da aka riga aka ɗinka ita ce ta farkon tafiya, irin abin da ake so a yi wa zannuwanki ke nan. Kulorin kuma yana cin azurfa, kuma ba za ki daina sa wa zanin da ya sha jini kulorin ba.

Kin san gidan sauro mai magani da ake raba wa masu awo. Kafin a kira shi mai daɗewa, sai ya nuna yana aiki bayan wanki 20 a ɗakin gwaji, da shekara uku a hannun jama'a, kuma a masana'anta ake haɗa maganin da zaren. Wannan mizani nake so ki riƙe wa duk yadin da aka ce miki yana kashe ƙwayoyi: wanki nawa, wa ya gwada.

Ko da maganin ya zauna, sai a tambaya ko yana rage cuta. A Jami'ar Duke ta Amurka an ba ma'aikatan jinya 40 na sashen kulawa ta musamman riguna iri uku, biyu masu magani ɗaya ta auduga da roba zalla, kowacce aka yi aikin awa 12 da ita. Sakamakon da aka wallafa a 2017 bai nuna masu maganin sun rage ƙwayoyin da ke jikin rigar ba. Ki kuma karanta rubutun jikin irin waɗannan kaya a tsanake. Da yawansu abin da suka yi alkawari shi ne kare yadin kansa daga wari da fumfuna. Wannan alkawari ne na gaskiya, yana da amfani ga safa da tawul a daminar Kumasi, amma ba shi ne kare mai jego daga cuta ba.

Akwai kuma shafen da ake yi da sinadarin titanium dioxide, wanda Fujishima da Honda na Japan suka bayyana asalin aikinsa a 1972. Sai hasken rana mai ƙarfi ya same shi yake tashi. A bangon waje yana da ma'ana, a ɗakin da labule ke sauke ba shi da ita.

Wanda nake so ki ba hankalinki shi ne jan ƙarfe da tagulla. Su ba shafe ba ne da zai goge, jikin ƙarfen ne maganin, ko an kankare sama na ƙasa irinsa ne. Idan bakteriya ta sauka a kai, ƙwayoyin jan ƙarfen suna kutsa fatarta, su haifar da sinadarai masu ƙuna a cikinta, su kuma daddatsa kundin halittarta da ake gada, wato DNA. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ta wannan kundi ne ƙwayoyi ke miƙa wa junansu dabarar bijire wa magani. Farfesa Bill Keevil na Jami'ar Southampton a Ingila ya shafe shekaru yana nuna haka. Kuma yana aiki a bushe, a zafin ɗaki. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa jan ƙarfe da gaurayensa rajista bisa shaidar cewa suna kashe fiye da kashi 99.9 na wasu bakteriya, har da MRSA, wato Staphylococcus mai bijire wa magani, cikin awa biyu, da sharaɗin a riƙa tsaftace su kuma a ɗauke su ƙari a kan shara da wankin hannu, ba madadinsu ba. A gwajin korona na 2020, ƙwayar ba ta wuce awa huɗu a kan jan ƙarfe ba, alhali ta kai kwana uku a kan roba da ƙarfen da ba ya tsatsa.

An kai shi har gadon majinyaci. A asibitoci uku na Amurka, ɗaya a New York biyu a Charleston, an sauya abubuwa shida da aka fi taɓawa a wasu ɗakunan kulawa ta musamman, irin su ƙarfen gefen gado, sandar ƙarin ruwa da hannun kujerar mai jinya. Rahoton 2013 ya ce kamuwa da cuta ta sauko daga kashi 8.1 zuwa 3.4. Masana da dama sun yi ja a kan wannan adadi, suna cewa ya yi kyau fiye da yadda sauya abu shida zai iya bayarwa, kuma ba a iya ɓoye wa ma'aikata wane ɗaki ne mai jan ƙarfe. Ni ma ban ɗauki adadin a matsayin abin da za ki samu ba. Abin da gwaje-gwaje da yawa suka haɗu a kai shi ne ƙwayoyin da ake samu a kan jan ƙarfe sun fi na roba da sauran ƙarafa ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma hakan ba ya gushewa da tsufa. Wannan ya isa dalilin sa shi a wurare kaɗan, marikin ƙofar ɗakin haihuwa da na bayi, farantin tura ƙofa, kan famfo.

Sai dai kasuwa cike take da abin da ya yi kama da tagulla. Idan kika aika yaro shagunan kayan gini a Adum ko Kejetia, ki ba shi maganaɗisu da ƙaramin magagari. Mariki ya kama maganaɗisu, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Bai kama ba, a juya bayansa a goga magagarin a inda ba a gani. Idan fari ya leƙo daga ƙasa, tutiya ce aka rina. Tagullar gaske rawaya ce har ciki, kuma tana da nauyi a hannu. Ana so jan ƙarfen da ke cikinta ya kai kashi 60 ko fiye. Yawancin na gasken ma an shafe su da siririn fenti marar launi don kada su dushe, kuma wannan fenti yana raba ƙwayar cuta da ƙarfen, sai an cire shi. Bayan haka marikin zai yi duhu da taɓawa. Ki bar shi, duhun ba ya hana shi aiki. Abin da ke hana shi shi ne mai, kakin goge ƙarfe da datti. Sabulu da ruwa, a ɗauraye, a tsane, ya wadatar, kulorin mai ƙarfi yana cin sa. Muna da maƙeran tagulla a Krofofrom da suka gaji zubi tun kaka da kakanni, za su iya zuba farantin ƙofa, amma ki sani tarkacen da ake narkawa yakan zo da dalma. Don haka kada a yi da shi abin da zai taɓa ruwan sha ko bakin yaro.

Game da jarirai, ina roƙonki kada a fesa wa shimfiɗarsu ko zanin goyonsu wani sinadarin da aka ƙera don ya maƙale. Fatar sabon haihuwa siririya ce, ta bakwaini ta fi. Shaƙar feshin dangin ammonium ɗin nan kuma an danganta shi da asma a tsakanin masu shara da ma'aikatan jinya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a goge da tsumma, kada a yi feshi a cikin ɗaki. Akwai kuma abin da ke damuna a matsayina na mai aiki da waɗannan sinadarai: maganin da ke raguwa a hankali yana barin ƙwayoyi cikin ɗan abin da bai isa ya kashe su ba, kuma a irin wannan hali suke koyon jurewa. Tun 1975 aka samu Salmonella mai jure azurfa a wani sashen masu ƙuna a Boston. Triclosan ma, wani sinadarin kashe bakteriya, an yi shekaru ana zuba shi a sabulu, sai a 2016 Amurka ta hana shi a sabulun wanka na gida, don masu yin sa sun kasa nuna ya fi sabulu zalla amfani.

Kuɗinki zai fi yin aiki a ruwan da ba ya yankewa, da bokitin Veronica, mai kan famfo don wanke hannu, a bakin kowane ɗakin da babu famfo, wanda 'yar ƙasarmu Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, da man goge hannu mai sinadarin alkohol a gefen kowane gado. Gobe da safe ki zuge rigar katifar gadon haihuwa ki dubi soson. Idan kika ga tabo mai ruwan ƙasa a ciki, ledar ta huje, kuma babu feshin da zai kai can, sai sabuwar riga, wani lokaci sabuwar katifa. Ki kuma bi tsummar mai shara da ido, ki ga gado nawa take zagayawa kafin ta koma bokiti. A fara wankewa da sabulu, sannan kulorin, kashi 0.1 ga wuraren taɓawa, kashi 0.5 ga jini. Ki duba ƙarfin da aka rubuta a kwalbar. Idan kashi 3.5 ne, ma'auni ɗaya cikin ruwa 34 zai ba ki na farko, ɗaya cikin ruwa shida na biyu. A haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani maganin wanke bayi. Zannuwa a wanke da ruwan zafi da omo, a jiƙa a kulorin kashi 0.05 na kimanin rabin awa, a ɗauraye, a shanya a rana su bushe ƙarau, a goge. Fenti mai hana fumfuna a bayi da sito ba laifi, bayan an toshe yoyon da ke jiƙa bangon.

Idan dillalin ya dawo, ki karɓe shi da mutunci, mai yiwuwa shi ma abin da aka gaya masa yake faɗa. Ki nemi lambar rajistar hukumar FDA ta Gana ki tabbatar da ita a ofishinsu na Kumasi, da takardar da ke bayyana sinadaran ciki da haɗarinsu. Idan ya kawo, kuma yana da yaƙini, ki ba shi ƙarafan gadaje biyu a ɗakin da babu jarirai, ya shafa da tsumma, a bar biyu haka nan, kada masu shara su san wanne ne wanne. A ci gaba da shara yadda aka saba. Bayan mako ɗaya, wata ɗaya da wata uku, ma'aikacin ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta da ke kika zaɓa, ba shi ba, ya ɗauki samfuri daga duka huɗun a lokaci ɗaya, kafin sharar safe, ya shuka ya ƙirga. Muna da masu wannan aiki a jami'ar KNUST da asibitin Komfo Anokye. Ku rubuta tun farko cewa kuɗin gwajin a kansa yake, kuma ba za a yi maganar ciniki ba sai sakamakon wata na uku ya fito.